Na sa sabon batir, motar kuma ba wanda ya gaya mata

Tsohon batirin motata shekara biyar ya yi min kafin ya ce ga garinku nan, kuma ban ga laifinsa ba, ya ci zamaninsa. Wanda ya gaje shi fa? Wata 11 kacal! Sabo fil, a gabana aka yage masa leda. Abin da ke ƙona min rai ba mutuwarsa ba ce, yadda aka kashe shi ne, da kuma yadda aka yi ta wasan ƙwallo da ni kafin a sami mai imanin da zai gaya min gaskiya.

Ranar da aka sa shi, mai sayarwa ya kwance tsohon, ya ɗaura sabon, ya ce in tayar. Bugu ɗaya ta tashi. Da bakina na tambaye shi ko akwai abin da ya rage. Ya yi dariya ya ce, "Haba Oga, batir ai batir ne, ja a ja, baƙi a baƙi." Na biya, har da godiya.

Ba a rufa wata biyu ba na fara ganin abin da ban gane ba. Motar tana cikin irin waɗanda ke kashe inji da kansu in an tsaya a danja, su tashi in an saki birki. Ta daina. Rediyo kuma, da na kashe inji sai rubutu ya fito wai za ta rufe shi don a tanadi wuta. Wace wuta ake tanadi da batirin da ko ƙura bai gama yi ba? Na koma wurin mai batir, ya ce altaneta ce, wato na'urar da ke cika batir in inji na aiki, ba ta caji. Na je wurin makanike, ya ɗora mita, ya ce altaneta lafiyarta lau, batirin ne jabu. Na dawo, mai batir ya rantse har da dafa ƙirji. Haka na yi ta safa da marwa tsakaninsu, kowa yana wanke hannunsa da rigar ɗan'uwansa, har safiyar da na murɗa makulli na ji ƙas-ƙas-ƙas, shiru.

Mutum na uku, wani mai gyaran wutar mota, bai ma ɗaga bonet ba. Kwamfuta ya jona a ramin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya juyo min da allon. Motar ta rubuta cewa batirinta ya kwana sama da 2,000 yana aiki. Wato a lissafinta, tsohon nan da na yar tun bara shi ne har yau a cikinta. Ya dube ni ya ce, "Maigida, wa ya sa maka wannan bai yi masa risetin ba?"

A nan na fara jin labarin da ya kamata in ji tun ranar farko. Kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi, akwai wata 'yar na'ura maƙale da shi, ba ta wuce kwalin ashana ba. Ita ce sansa. Tana auna ƙarfin wutar batir, da yawan wadda ke shiga da wadda ke fita, da zafinsa, tana kai wa kwamfutar mota rahoto. Kwamfutar kuma tana riƙe da littafin lissafi: shekarun batir, girman cikinsa, irinsa, da yadda ya gaji. Da wannan littafin take ba altaneta umarni. A motocin da, altaneta kan tura wuta wajen bolt 14 kusan kullum, ba ruwanta. A na yanzu ana ɗagawa ana saukewa don rage shan mai. Tsohon batir cikinsa ya tsuke, cajin da ya dace da shi daban ne da na sabo. In ba a goge littafin ba, wato ba a yi risetin ba, sai a ɗauki jariri ana yi masa ɗuren abincin tsoho. Ko a cika masa wuta fiye da kima, ko a bar shi da yunwa, ko ta wane gefe dai kwanansa ne ke raguwa.

Nawa kuma abin ya zo da ƙarin gishiri. Na asali AGM ne mai 80Ah (Ah ma'aunin girman cikin batir ne), irin wanda aka ƙera don ya jure kashewa da tayarwa sau da yawa. Bawan Allahn nan ya sa min na ruwa na gama-gari mai 70Ah, don kawai ya shiga gurbin. Motar da ke kashe kanta a danja AGM take so ko EFB, wato na ruwa da aka ƙarfafa don wannan aikin. Wanda sana'arsa ke nan safe da yamma bai san wannan ba? Ko ya sani, cinikin ne ya fi masa?

Risetin ɗin da aka hana ni, minti biyu ne. Minti biyu! A wasu motocin ma ba sai da kwamfuta ba: Ford da yawa, ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka haska doguwar fitila sau biyar, ka taka birki sau uku, sai alamar batir ta yi ƙyaftawa, an gama. BMW sai an yi wa sabon batir rajista da na'ura. Volkswagen da Audi da dama har girman batirin da lambarsa ake shigarwa. Tsofaffin motocin da ba su da sansa kuwa ba ruwansu da wannan duka, masu su suna barcinsu da munshari.

Masu ƙera motoci su ma ban ƙyale su ba. Motata tana yi min ihu in ban ɗaura bel ba. Tana ƙorafi in ƙofa ba ta rufu ba, tana tuna min ruwan wanke gilashi ya ƙare. Ta san sarai an yanke mata wuta, tunda agogonta ya koma sifili, gilasan ƙofa ma sai da aka sake koya musu hawa da kansu. Amma tambaya ɗaya, "sabon batir aka sa?", in danna e ko a'a, ita ce ta gagara? An je an binne zancen can tsakiyar littafin mota, shafin da ba mai buɗewa sai wanda ya riga ya yi asara.

Wani abin takaicin, makaniken nan da ya auna altaneta, da na ba shi labari, cewa ya yi in zare sansar gaba ɗaya in huta, wai ƙaƙale ce kawai. Ciwon kai ya dame ka, sai a ce ka yar da kan. Shi ne kuma na tuna ya taɓa jona min waya kai tsaye a kan batir na baƙar waya, alhali a irin waɗannan motocin jikin ƙarfen mota ake kamawa, don wutar ta bi ta cikin sansa a ƙirga ta.

Garantin batirin shekara ɗaya ne, saura wata guda. Na kai wa mai batir gawar da takardata. Ya juya ta, ya juya, ya ce garanti ba ya ɗaukar batirin da mota ta kashe da kanta. Na ce wa ya haɗa shi da motar bai gabatar da su ba? Ya ce shi aikinsa ɗaurawa.

Na sayi na uku a wani wurin, AGM mai 80Ah, na tsaya a kan mai sawa ƙafata ƙafarsa har sai da na ga 2,000 ɗin nan ta koma 0 da idona. Gawar na biyun tana but har yanzu, gobe ma zan sake kai wa wanda ya sayar min ita.