Bakin riga ba abin goge gilashin kyamara ba ne

Masu hoto da yawa sun ɗauka in gilashin kyamara ya yi ƙura sai kawai a goge da bakin riga ko tishu, wallahi haka ake lalata shi. Ƙurar hunturu akwai ɓurɓushin yashi a cikinta kuma yashi ya fi gilashi tauri, kana dirzawa kana kankare siririn rufin da aka shafa masa ne. Fara hure ƙurar da ɗan famfon roba tukuna, sannan tsumman microfiber (wani ƙyalle mai laushi na goge gilashi) mai tsafta, ka ɗiga ruwan goge gilashin kyamara a jikin tsumman ba kan gilashin ba, ka goga a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Ruwan wanke taga kuwa dan Allah kar ka taɓa, wasu akwai amoniya ciki, sinadari ne mai ƙarfi da ka iya lalata rufin nan.