Ƙannena sababbin likitoci, ku ɗaga waya ku kira na gaba da ku

Assalamu alaikum ƙannena da suka ɗauki rantsuwa bana. Allah ya sanya albarka. Shekara shida a makaranta, ban da abin da yajin aiki ya ci, ba wasa ba ne. To amma ku tuna lasisin da MDCN, hukumar da ke rajistar likitoci a Najeriya, ta ba ku na wucin gadi ne. Sai kun yi wata 12 a ƙarƙashin manya, wata uku-uku a ɓangaren cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa, kafin a ba ku cikakke. Ita kanta doka ta san ba ku gama nuna ba.

Da yawanku kuna cewa gabanku na faɗuwa in an sa ku aikin kwana. Wannan faɗuwar gaban ba ta dame ni ba. Wanda nake tsoro shi ne mai jin kunyar a ce bai sani ba, ya gwammace ya yi shaci-faɗi a kan ran mutum da ya tashi babban likita ƙarfe biyun dare.

A jarrabawa kowa ya haddace maganin jijjigar masu ciki: magnesium sulphate, giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu. Ranar da aka shigo da mai ciki tana jijjiga, uwarta na salati, mijin na riƙe maka riga, jijiya ta ƙi samuwa, nan ne za ka gane hadda daban, hannu daban. Kuma bayan ka yi allurar, wa zai riƙa duba numfashinta da fitsarinta da motsin gwiwarta? Ka san inda aka ajiye calcium gluconate, makarin wannan magani, in ya yi mata yawa? Ungozomar da ta shekara ashirin a ɗakin haihuwa ta sani. Ka gaishe ta, ka ce "Sista, don Allah nuna min." Farar rigarka ba za ta yage ba.

Ɗakin yara ma haka. Kada ka rubuta magani da ido. A ɗora yaro a sikeli. Artesunate na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ne a kowane kilo, amma miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Yaron da ya suma kuwa, a duba sukarinsa tun kafin a fara dogon nazari.

Sannan ku kula da kanku. A watan Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya yi ajalin likitoci biyu a Kano, ɗaya tana cikin irin wannan shekarar ta horo da kuke ciki. Allah ya jiƙansu. Safar hannu da takunkumi da wanke hannu ba sai babban likita yana kallo ba.

Wani zai ce ai in ka kira na sama faɗa zai yi maka. Gaskiya ne, akwai masu tsawa, kuma wannan hali nasu ba daidai ba ne. Ka kira duk da haka. Kafin ka buga, ka haɗa bayaninka: shekarun mara lafiya, abin da ya kawo shi, hawan jininsa da bugun zuciyarsa, abin da ka riga ka yi, da abin da kake nema. In ka gama, ka rubuta a fayil lokacin da ka kira da abin da aka ce maka, da rubutun da mai karɓar aiki da safe zai iya karantawa.