Ƙanƙantar harsashi ba ta sassauta dokar libarba a Birtaniya

Mutane da yawa sun ɗauka cewa libarba mai cin harsashin .22 (ƙaramin harsashi mai kaurin kusan inci 0.22), wanda allurar bindiga ke buga gefen gindinsa maimakon tsakiya, doka ba ta tsananta mata a Birtaniya, tunda ba ta da ƙarfi sosai. Ba haka abin yake ba.

Bayan wani ɗan bindiga ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar garin Dunblane da ke Scotland a 1996, majalisa ta haramta ƙananan bindigogin hannu, irin su libarba, a 1997. Dokar farko ta ƙyale masu cin .22, amma kafin shekarar ta ƙare wata dokar ta haɗa da su.

Abin da ake aunawa shi ne tsawo. Idan bututun bai kai santimita 30 ba, ko bindigar gaba ɗaya ba ta kai santimita 60 ba, haramtacciya ce. Shi ya sa za ka ga libarba mai dogon bututu da wani ƙarfe ya miƙo daga mariƙinta zuwa tsintsiyar hannu, ko mai gindin katako da ake jingina wa kafaɗa. Waɗannan ana iya mallakarsu, amma da takardar izinin 'yan sanda kuma da dalili mai ƙarfi, kamar zama ɗan ƙungiyar masu harbin bara.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na shigowa da ita. Halascinta a Amurka bai wanke ta a Ingila ba. Ana samun izinin mallakar wannan bindigar ne tukuna, kafin ta iso hannun jami'an kwastan. Irelan ta Arewa kuwa, haramcin 1997 bai shafe ta ba.