Riyal Ma Ya Taɓa Faɗuwa

A Shara Mansur da ke Makka, da wuya Hausawa su tashi daga hira ba a tambayi nawa riyal yake a naira ba. Idan aka zo kan dalilin da ya sa nasu kuɗin ya tsaya namu yake ta zamewa, sai ka ji an ce ai su Allah ya ba su mai. Wannan amsar ba ta gamsar da ni, domin mu ma ya ba mu.

Mutane da yawa ba su san cewa Saudiyya ta jima ba ta da kuɗin takarda ba. An kafa hukumar kuɗi ta SAMA, wato babban bankin ƙasar, a 1952, lokacin da alhaji kan yi canji a ba shi sulallan azurfa, ya yi ta fama da nauyinsu daga Jidda zuwa Makka. Don sauƙaƙa wa alhazai aka fitar da wata takardar shaida a 1953, wadda za ka miƙa a ba ka azurfa. 'Yan kasuwa suka ga ta fi sauƙin riƙewa, suka ci gaba da ciniki da ita har bayan an gama aikin hajji. Sai a 1961 aka buga takardun riyal na sosai.

Tsakanin waɗannan shekarun ne riyal ya sha wuya. A zamanin Sarki Sa'ud gwamnati ta riƙa kashe fiye da abin da take samu, tana cin bashi, har ajiyar ƙasa ta kusa ƙarewa, riyal ya faɗi a kasuwar bayan fage. Mai kuwa yana nan ana haƙowa. A 1958 Yarima Faisal ya karɓi ragamar gwamnati, ya tsuke bakin aljihu, aka ɗauko Anwar Ali, ɗan Pakistan, daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya shugabanci SAMA har rasuwarsa a 1974. Doka kuma ta hana hukumar ba gwamnati rance.

A nan ne zuciyata take sosuwa. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta ƙayyade cewa rancen wucin gadi da zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar bara. Amma a 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da irin wannan rancen, har naira tiriliyan 22.7, bashi na dogon zango. Kuɗin da aka zuba a kasuwa ba tare da an noma ko an ƙera komai ba, mai sayen kwanon masara a Dawanau ne yake biyansa. Ka duba kuma 1986: a shekarar aka ɗaure riyal a kan 3.75 a dala, kuma yana nan har yau; a shekarar ce gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar canji ta biyu, inda ake gwanjon dala, naira ta kama gangara.

Ban ce a kwafi Saudiyya ba. Su miliyan talatin da 'yan kai ne, mu mun haura miliyan 200, man da suke fitarwa kuma ya ninka namu sau da dama. Tsayuwar riyal ɗin ma ba kyauta ba ce. Da farashin mai ya karye a 2014, sai da suka ci ɗaruruwan biliyoyin daloli daga ajiyarsu, suka kawo harajin kayan masarufi na kashi 5 a 2018, suka mayar da shi 15 a 2020. Mu masu iƙama da iyali mun ji a jikinmu, tunda aka sa kuɗin wata-wata a kan kowane ɗa da mata daga 2017. Sun zaɓi su tara kuɗin a fili maimakon su bar darajar riyal ta zube.

Shi ya sa nake roƙon gidajen rediyonmu na Kano da Kaduna, masu faɗa mana farashin dala a Wapa, su riƙa haɗawa da nawa gwamnati ta ranta daga Babban Banki, da nawa ya rage a asusun ajiyar ƙasa na waje, cikin Hausar da kowa zai gane.