Karatun Aku a Ajin Adabin Ingilishi

Kusan duk inda ake koyar da adabin Ingilishi, darasin farko kamarsa ɗaya. Malami zai raba allo gida uku, ya rubuta zube, waƙa da wasan kwaikwayo. A ƙasa sai ya jero abubuwan da ake cewa da su ake gina kowane aikin adabi: jigo, zubi, taurari, wuri da lokaci, salo, da bakin da labari ke fitowa. Ɗalibai su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar, a ba su maki. To amma zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cin makin nan, ka miƙa masa waƙar da bai taɓa gani ba, ka ce ya faɗa maka wa ke magana a cikinta, kuma da wa yake. Sau da yawa sai ka ga ya yi zuru, ko kuma ya shiga farautar kamance da mutuntarwa yana ja musu layi, alhali bai ma gane abin da waƙar ke cewa ba.

Ni a ganina laifin ba na rabe-raben ba ne, na lokacin da ake kawo su ne da yadda ake kawo su. Ana ba yaro suna tun bai ga mai sunan ba. Sanin nau'in rubutu amfaninsa ɗaya ne tak, ya gaya maka da wane kunne za ka saurari abin da ke gabanka, kuma wannan ba ya samuwa sai rubutun na gabanka.

A 1729 wata 'yar ƙasida ta fito a Dublin, babu sunan marubuci a jikinta, mai suna A Modest Proposal. Jonathan Swift ne ya rubuta ta, babban malamin coci a birnin. Mai magana a ciki mutum ne mai natsuwa, mai lissafi, irin masu rubuta wa hukuma shawara kan tattalin arziki. Ya fara da tausayin matan da ke bara a titi da yara a bayansu. Sai ya kawo mafita: talakawan Ailan su riƙa kiwon jariransu har shekara ɗaya, sannan su sayar wa masu kuɗi a yanka a ci. Har ƙidaya ya yi, ya ce cikin yara 120,000 a ware 20,000 don iri, a kai 100,000 kasuwa, ya kuma bayyana hanyoyin dafawa. Ko sau ɗaya muryarsa ba ta yi rawa ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa ƙasida zube ce da marubuci ke bayyana ra'ayinsa a cikinta, kuma ya tsaya a nan, dole ya yanke hukuncin cewa Swift mahaukaci ne ko mugu. Wanda ya gane gatse ne daga farko har ƙarshe zai ji inda aka soke wuƙar: a wurin da mai maganar ya ce naman zai fi dacewa da masu gonakin haya, tunda dama sun riga sun cinye iyayen. Kalmomin ba su canza ba tsakanin masu karatun biyu. Abin da ya bambanta su shi ne ɗaya ya san irin wasan da ake yi, ɗaya bai sani ba. Ma'anar gatse da aka haddace daga allo ba ta kai mutum nan. Sai ya karanta, hankalinsa ya tashi, ya tambayi kansa anya da gaske mutumin nan yake, sannan sunan zai sami wurin zama a kansa.

Su kansu rabe-raben ba daga sama suka faɗo ba. Aristotle, a Girka ta ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya dubi wasannin da ake yi a Atina ne ya bayyana abin da ya ga yana sa wasan ban-tausayi ya kama zuciya. Ya lissafa abubuwa shida, ya sa zubin labari a gaba, halayen taurari na biye. Bayanin abin da ya gani ya yi, daga baya ne wasu suka mayar da shi doka. Ƙagaggen labari irin wanda muke karantawa yau babu shi a lissafinsa. Ko da ya soma kafuwa a Ingila, da rigar gaskiya ya shigo: Robinson Crusoe ya fito a 1719 ba tare da sunan Daniel Defoe ba, an gabatar da shi a matsayin tarihin da Crusoe ya rubuta da hannunsa. Wato layin da ake ja wa ɗalibi tsakanin ƙage da gaskiya, tun ranar farko marubuta ke tsallaka shi da gangan.

Haka abin yake a wasan kwaikwayo. Lokacin da abokan aikin Shakespeare suka tattara wasanninsa 36 suka buga a 1623, shekara bakwai bayan rasuwarsa, sun kasa su uku: na ban-dariya, na tarihi, da na ban-tausayi. The Merchant of Venice suka sa cikin na ban-dariya. A wasan nan ne ake ƙwace dukiyar Shylock, Bayahude, a tilasta masa barin addininsa, ya fita daga kotu a karye. Ina abin dariya a nan? A ma'aunin wancan zamani, wasan da ya ƙare da aure da sulhu tsakanin manyan taurari shi ke shiga wannan rukuni, ko an yi dariya ko ba a yi ba. Cymbeline kuwa, wanda ya ƙare da yafiya da haɗuwar dangi, sai ga shi cikin na ban-tausayi. In waɗanda suka hau dandamali tare da marubucin ba su iya kasa wasanninsa ba tare da tangarɗa ba, ban ga dalilin da za a sa wa yaro jan biro don ya yi shakka ba. Shakkar tasa ma alama ce ya fara karatu.

Misalin da na fi so shi ne waƙar Robert Browning ta 1842, My Last Duchess. Layi 56 ce, kowane layi biyu da amsa-amonsu, don haka a allo waƙa ce ba gardama. Amma mutum ɗaya ne ke magana tun daga farko har ƙarshe, wani basarake na Ferrara a Italiya, kuma akwai wanda yake yi wa maganar, manzon gidan da yake neman aure. Ya yaye labule ya nuna wa baƙon hoton matarsa da ta rasu, yana yabon gwanintar mai zanen. A hankali sai ƙorafi ya fara ɓullowa: matar tana da saurin fara'a, kowa ta gani sai ta yi masa murmushi, ba ta bambanta darajar sunan gidansa mai shekara ɗari tara da kyautar kowane talaka ba. Sai ya ce, kamar ba komai ba, ya ba da umarni, murmushin ya tsaya gaba ɗaya. Daga nan ya koma zancen dukiyar da amarya za ta zo da ita, ya ce su sauka ƙasa wurin baƙi. Browning bai sa baki ko sau ɗaya ba. Mai karatu ne ke gano cewa mutumin nan ya tona wa kansa asiri, ko kuma, abin da ya fi muni, da gangan yake aika gargaɗi ga amaryar da ke tafe. Wannan waƙa ce, wasan kwaikwayo ne, kuma labarin kisan kai ne. Ɗalibin da ya rubuta "waƙa" ya ci makinsa ya wuce bai yi ƙarya ba, sai dai an bar jaki ana dukan taiki.

Abubuwan da ake jerawa a ƙasan allo su ma haka. Kowannensu tambaya ce da ake yi wa rubutu, amma an mayar da su guraben da ake cikewa. Zubi, alal misali, yawancin ɗalibai sun ɗauka taƙaita labari ne. E. M. Forster ya raba gardamar a laccocinsa na 1927 da misali ɗan ƙarami: in ka ce sarki ya mutu sannan sarauniya ta mutu, labari ka bayar, in ka ce sarki ya mutu sai baƙin ciki ya kashe sarauniya, zubi ka gina, domin dalili ya shigo. Mai neman zubi "me ya sa" yake tambaya, ba "sai me ya faru" ba. Akwai kuma dalar nan da ake zanawa, mai hawa zuwa ƙololuwa ta gangaro. Gustav Freytag, Bajamushe, ya fito da ita a 1863 don bayanin wasannin kwaikwayo masu kashi biyar. Yau ana tilasta wa gajeren labari mai shafi uku ya hau ta, har da labaran da aka rubuta musamman don kada komai ya warware a ƙarshe.

Jigo ya fi kowanne shan wahala. Ka tambayi jigon Othello, wasan Shakespeare, amsar kalma ɗaya ce: kishi. Ko kuma a mayar da shi wa'azi, a ce wasan na koya mana mu guji jin zuga. Ba a yi kuskure ba, amma wasanni nawa ne ke da kishi a ciki? Abin da ke nasa shi kaɗai shi ne yadda jarumin yaƙi, baƙo a Venis, wanda bai gama yarda an karɓe shi ba, ya nemi hujjar da ido zai gani cewa matarsa ta ci amanarsa, aka miƙa masa ɗan hankici ya karɓa a matsayin hujja. Duk bayanin jigon da bai bi ta kan hankicin nan ba, da wuya mai shi ya karanta wasan.

Sai bakin da labari ke fitowa, wanda ake koyarwa a matsayin nahawu: in an ce "ni" kaza ne, in an ce "shi" kaza ne. A duba abin da Chinua Achebe ya yi da shi a ƙarshen Things Fall Apart na 1958. Tun farkon littafin muna cikin Umuofia, a ƙasar Ibo, muna kallon duniya daga wurin tauraronsa Okonkwo da mutanensa. Bayan Okonkwo ya rataye kansa, a sakin layi na ƙarshe, sai labarin ya koma cikin kan Baturen mulki, yana tunanin littafin da zai rubuta, yana auna cewa labarin mutumin nan bai kai babi guda ba, amma zai iya cika sakin layi ɗaya. Da "shi" aka faro, da "shi" aka ƙare, a nahawu babu abin da ya motsa. Amma rayuwar da muka bi babi 24 ta tsuke a gabanmu ta koma 'yan layuka a hannun wanda bai fahimce ta ba, kuma duk zafin littafin a wannan juyin yake.

Malamai na da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Aji cike yake, littattafai ba su isa ba, manhaja na da tsawo, masu shirya jarrabawa kuma ma'anoni suke tambaya. Ƙari a kan haka, ba a tattauna adabi ba tare da kalmomin fannin ba. Wanda bai san baiti da ɗango da kari ba zai yi ta nuni da yatsa ne kawai. Ɗalibin da Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne ma ya fi kowa buƙatar abin dafawa. Duk na yarda. Amma ƙarancin littafi bai hana a fara da rubutu ba. Sonet waƙa ce mai layi 14, allo ɗaya ya ishe ta, kuma Shakespeare kaɗai ya bar 154 a bugun 1609. A rubuta ɗaya, a karanta da ƙarfi sau biyu ko uku, domin karin waƙar Ingilishi a kan gaɓar da ake dannawa yake tafiya, kunne ke kama shi, ido ba ya gani. A tambayi ajin a wane layi ne mai maganar ya sauya tunani. Za su gano, yawanci wajen layi na tara ko a biyun ƙarshe. In sun gano, sai a gaya musu cewa haka aka gina wannan nau'in waƙa tun daga Petrarch na Italiya. Minti arba'in ɗin dai su ne, jerin ne kawai ya juya.

Babban kason laifin yana wuyan masu shirya tambayoyi, domin abin da za a tambaya shi malami ke koyarwa. Muddin "kawo ma'anar" da "lissafa guda biyar" ne ke ɗauke da maki, karatun aku ba zai bar aji ba. Kuma kada a ɗauka matsalar ta raunanan ɗalibai ce ko ta masu koyon harshe na biyu. A shekarun 1920, I. A. Richards ya riƙa raba wa ɗalibansa na Jami'ar Kambirij waƙoƙi ba suna ba marubuci, ya ce su rubuta abin da suka gani. Ya buga sakamakon a 1929 a littafinsa Practical Criticism, kan waƙoƙi 13. Waɗannan 'yan Ingila ne, harshensu ne, a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasarsu. Da aka cire musu sunan da za su jingina da shi, da yawa suka yabi waƙoƙi masu rauni, suka ruɗe a gaban sonet ɗin John Donne. Cikin matsaloli goma da Richards ya lissafa, wadda ya sa a farko ita ce kasa gane abin da waƙar ke faɗa a zahiri.