Takin da ke da rai, ba a ajiye shi kamar buhun yuriya

Duk taron noma da aka yi yanzu sai ka ji ana ta maganar fasahar halittu, wai ita ce za ta fid da manomin karkara daga tsadar takin zamani, kuma ni ma na yarda da hakan fa, amma akwai abin da ake tsallakewa wanda shi ne ke damuna.

Bari mu fara da abin da ya yi aiki. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, wato sinadarin nan da ake biyan kuɗi a saya a cikin yuriya, sai dai shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya, raizobiyam, da ke zama a saiwar wake da gyaɗa da waken suya, su ne ke yin 'yan ƙululun nan da kake gani in ka tuge shuka, su kamo naitirojin daga iska su ba ta. Birazil, wadda ta fi kowa noman waken suya a duniya, da wannan take yi, a cuɗa iri da ƙwayoyin kafin shuka shi ke nan, kusan ba ruwansu da takin naitirojin a gonar waken suya. A 2025 ma Mariangela Hungria ta cibiyar binciken noma ta Birazil, Embrapa, ta samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya kan wannan aikin.

To matsalar ita ce abin nan rai gare shi. Yuriya in ba ta jiƙe ba tana jiranka, amma raizobiyam in ya kwana biyu a bayan mota cikin rana ko ya daɗe a shago mai zafi ko lokacinsa ya wuce, ya mutu, kuma ba a gane mataccen da ido, leda dai tana nan da kyanta, manomi ya saya ya cuɗa ya shuka bai ga komai ba, daga ranar ya sallama fasahar gaba ɗaya har ya hana maƙwabtansa, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Damina ɗaya gare shi a shekara, ba zai yi caca da ita sau biyu ba.

Haka Aflasafe da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta samar don maganin afilatokzin, gubar fumfunar nan da ke kama masara da gyaɗa, wadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004. Fumfuna marar guba ake watsawa a gona ta kori mai gubar, dabara mai kyau ƙwarai, sai dai dole a watsa sati biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, in ka makara ka yi asara. Kuma ba ya ƙara yawan buhu, tsabtace hatsin yake yi, to in mai saye bai bambanta mai guba da marar guba ba wajen biya, me zai sa talaka ya ƙara wa kansa ɗawainiya?

Masu cewa a watsar da takin zamani dare ɗaya kuma su tuna Siri Lanka, da ta hana shigo da shi a Afrilun 2021, noman shinkafa ya faɗi warwas, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta janye.

Ni dai da za a tambaye ni inda kuɗin tallafi ya kamata ya tafi, zan ce a rage na taron otal a zuba wa malaman gona, a ba su abin hawa su shiga ƙauye, a yi gonar gwaji kusa da hanya rabi da ƙwayoyin rabi babu, mutane su gani da idonsu. Sannan hukuma ta riƙa ɗibar ledojin nan daga kasuwa tana kai su ɗakin gwaji, a ƙirga ko ƙwayoyin suna da rai, wanda aka kama yana sayar da matacce a ƙwace lasisinsa.