Ledar Maganin Kawu da Abin da Likitoci Suka Daɗe Suna Gaya Mana

Makonni uku ke nan da muka yi addu'ar bakwai ta kawuna, ƙanen mahaifiyata, a gidanmu na Aboabo da ke Kumasi, amma har yau maganar da na ji ana ta maimaitawa a kan tabarmar zaman makoki ba ta bar kunnena ba. Duk wanda ya zo gaisuwa, bayan ya yi masa addu'ar samun rahama, sai ya ƙara da cewa ai lafiyarsa ƙalau, ko jiya an gan shi a kasuwar Kejetia yana ciniki, ya yi sallar asuba a sahun gaba, ya dawo gida ya ce a sayo masa koko da ƙosai, kafin yaron da aka aika ya dawo ya yanke jiki ya faɗi. Wasu sun ce ajali ne, kuma gaskiya suka faɗa, domin babu mai wuce ranarsa. Wasu kuwa sun sassauta murya suka ce a dai bincika, wanda kasuwa ta buɗe wa ba ya rasa mahassada.

Ni aka sa in gyara ɗakinsa. A ƙasan akwatin da yake ajiye kayan Juma'a na tarar da wata baƙar leda, a cikinta akwai katin asibiti da kwalin maganin hawan jini, amlodipine, mai ƙwaya 30. Ƙwaya 11 kawai aka ɓalle, sauran suna nan a jere cikin takardarsu. A jikin katin an rubuta awon jininsa, 178 bisa 104, kwanan watan kuma ya nuna wata goma kafin rasuwarsa. Na kai wa matarsa ledar na ce, "Hajiya, me ya sa Kawu ya daina shan wannan?" Ta dube ta, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ɗana, ciwon kai ne ya kai shi Gee, asibitin Komfo Anokye. Da ya sha na 'yan kwanaki kan ya lafa, sai ya ce ya warke, shi ba zai zama bawan ƙwaya ba." Shekarunsa 56.

Ban rubuta wannan don in tona asirin mamaci ba, Allah ya sani ina cikin waɗanda ya riƙa kamar 'ya'yan cikinsa. Na rubuta ne domin na tabbata irin wannan ledar tana cikin akwatuna da yawa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo, kuma domin abin da muke kira mutuwar farat ɗaya, masu bincike sun shafe fiye da shekara 70 suna nuna cewa yawancinta tana yin sallama shekaru kafin ta shigo, mu ne ba mu iya jin sallamar ba.

Su ma Turawan da muke ganin sun san komai, a da ba su san wannan ba. A shekarar 1945 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya mutu sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, bayan ya daɗe jininsa yana hawa a gaban idon likitocinsa, domin a wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauka cewa hawan jini ga dattijo abu ne da jiki yake bukata don jini ya isa ko'ina. A 1948 aka fara wani bincike a ƙaramin garin Framingham da ke jihar Massachusetts, aka ɗauki maza da mata 5,209 waɗanda ba su da alamar ciwon zuciya, ana duba su duk bayan shekara biyu, ana auna jininsu da nauyinsu, ana rubuta abin da suke ci da ko suna shan taba, sannan aka zuba ido a ga wa zai kamu, wa zai tsira. Da shekaru suka tura sai amsa ta fito fili: masu hawan jini, da masu yawan kitse a jini, da mashaya sigari, da masu ciwon suga, da masu ƙiba, su ne ciwon zuciya ya fi kamawa. A 1971 aka shigar da 'ya'yansu cikin binciken, daga baya aka shigar da jikoki.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini shi a majalisar ataya: wannan binciken Turawa ne, jikinsu daban, cimarsu daban. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, don kusan duk mutanen Framingham na farko farar fata ne. Sai dai an zo har ƙofar gidanmu an yi irinsa. A 2004 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a garuruwa 12 na wannan yanki namu na Ashanti, wanda marigayi Farfesa Jacob Plange-Rhule na jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) yana cikin jagororinsa. An auna mutum 1,013 masu shekara 40 zuwa 75, aka samu kashi 28.7 cikin 100 suna da hawan jini. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya biyo baya. Daga cikin masu ciwon, kashi 22 ne kawai suka san suna da shi, kashi 11 ne suke shan magani, waɗanda jininsu ya sauka zuwa inda ake so kuwa ba su kai kashi 3 ba. Mutum ya tsaya ya yi tunanin wannan lissafi: cikin masu hawan jini ɗari, kusan tamanin suna yawo a kasuwa da masallaci suna amsa gaisuwa da "lafiya lau", kuma har cikin ransu haka suka ɗauka.

Bayan wannan sai ga binciken SIREN, wanda likitocin Ghana da Nijeriya suka haɗu suka yi a kan shanyewar ɓarin jiki, ciki har da Farfesa Fred Sarfo na asibitin Komfo Anokye da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan. A sakamakon da suka fitar a 2018 sun kwatanta mutum 2,118 da ciwon ya kama da wasu 2,118 masu irin shekarunsu waɗanda bai kama ba. Hawan jini ne ya zo a kan gaba da tazara mai nisa, har lissafinsu ya nuna cewa da za a raba al'umma da shi, da kusan tara cikin kowace shanyewa goma ba ta faru ba. A bayansa suka jero kitse a jini, da ciwon suga, da tumbi, da damuwa, da rashin motsa jiki, da sigari, da yawan cin nama, da ƙarancin cin ganye, da ƙara gishiri a abinci bayan an sauke shi. Wani binciken kuma na 2012 da ya duba marasa lafiya 1,006 da zuciyarsu ta gaza a ƙasashen Afirka tara ya gano cewa hawan jini ne sanadin kusan rabinsu, matsakaicin shekarunsu kuma 52 ne, wato daidai lokacin da mutum yake riƙe da gida da kuɗin makarantar yara.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa ganin famfon rijiya. Zuciya tsoka ce da take tura jini cikin jijiyoyi dare da rana. Idan matsin da ke cikin jijiyoyin ya yi yawa, dole ta ƙara ƙarfi a kowane bugu, sai bangonta ya yi kauri ya sandare, bayan shekaru ta gaji ta saki. A nan ne ƙafafu suke kumbura, mutum ya hau ɗan tudu ya riƙa haki, da dare ya kasa kwanciya sai ya jingina da matasai biyu ko uku. Su kuma jijiyoyin, matsin yana raunata cikinsu, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntata, wata rana gudan jini ya toshe ta. Idan a zuciya ya toshe, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ya toshe ko jijiyar ta fashe, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Ƙoda ma tana cin nata rabon a ɓoye. Duk tsawon waɗannan shekaru mafi yawan mutane ba sa jin komai, shi ya sa ciwon kai ba ma'auni ba ne, tafiyarsa kuma ba shaidar warkewa ba ce. Ma'aunin shi ne abin da na'ura ta nuna, kuma idan ta yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, to akwai hawan jini ko da mutum yana jin zai iya ɗaukar buhun masara.

Maganar gishiri ita ce ta fi shafar kowane gida, kuma ina faɗinta da girmama iyayenmu mata waɗanda suke tsugune a gaban murhu tun asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yanzu a dubi tukunyar miya guda a gidanmu. Ana saka gishiri, a murza dunƙulen magi uku ko huɗu, a jefa kifin momoni ko koobi waɗanda da gishiri aka adana su, a ɗan sa kanwa don ayoyo ya yi yauƙi, sannan idan an zuba tuwon zafi wani ya ce a miƙo masa gishiri. Da rana a sayi waakye a zuba shito, da dare a tsaya wurin mai tsire. Kowane ɗaya daga cikinsu ba laifi ba ne, taruwarsu a ciki ɗaya kullum ita ce matsalar. Abin farin ciki shi ne ganyen da binciken SIREN ya nuna ƙarancin cinsa yana da haɗari, a ƙofarmu yake da araha: zogale, alayyahu, ayoyo, kontomire. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano, harshe kuma yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni idan an riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Game da magani ma an yi bincike a kan jikin baƙar fata, ba aro muke yi ba. A 2019 aka wallafa gwajin da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, inda aka kwatanta haɗin magunguna iri uku, aka ga haɗin da yake da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini. Irin ƙwayar da na tarar a ledar Kawu ke nan. An ba shi abin da ya dace da shi. Abin da bai shiga zuciyarsa ba shi ne cewa wannan magani riƙe jinin yake yi, ranar da aka daina sha jinin zai koma inda yake, don haka ga mafi yawan mutane shan sa na tsawon rai ne. Wanda ya ga ƙafarsa ta kumbura saboda wata ƙwaya, ko wata ta sa shi tari, ya koma wurin likita a canza masa, domin magungunan suna da yawa. Mai azumi ma ya tambayi likita yadda zai mayar da shan zuwa sahur ko buɗa-baki. Amma mai lasifika da yake shiga mota da kwalabe yana rantsuwa cewa kwalba biyu za su raba ka da hawan jini har abada, ya ji tsoron Allah, domin wanda ya yarda da shi ya ajiye ƙwayarsa yana iya biya da ransa.

Ba zan ɗora duk nauyin a kan marasa lafiya ba. Na raka wata 'yar uwa asibiti da katin inshorar lafiya a hannunta, muka bi layi tun safe har azahar, likita ya gan ta na minti biyar, a tagar magani kuma aka ce babu, aka ba mu takarda mu saya a waje. Matar da take sayar da fura, idan ta rasa cinikin yini guda sannan ta sayi magani da kuɗinta, wata mai zuwa ba lallai ta koma ba. Wannan gyara ne da ya rataya a wuyan hukuma, kuma ya kamata sarakunan zango da wakilanmu su riƙa faɗinsa a duk inda suka samu kunne.

Akwai kuma abin da yake hannunmu. A birnin Los Angeles an yi wani gwaji da aka wallafa a 2018, inda aka bi baƙaƙen fata maza zuwa shagunan aski 52, domin an lura ba sa son zuwa asibiti amma ba sa fashin aski. Masu askin suka riƙa ƙarfafa musu gwiwa, masana harhaɗa magunguna suka riƙa zuwa shagon suna auna su suna daidaita musu magani tare da likitocinsu. Cikin wata shida lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 27, alhali ta waɗanda aka bar su da shawara kawai ta sauka da kusan 9. Mu da muke haɗuwa sau biyar a rana a masallaci, mata suke haɗuwa a makarantar Islamiyya da wurin suna da biki, mun fi su wurin taruwa. Muna da 'ya'ya ma'aikatan jinya a kusan kowane layi. Idan jama'ar masallaci za su iya haɗa kuɗin sabon kafet da lasifika, za su iya haɗa kuɗin na'urar awon jini guda da littafin rubuta sakamako, liman kuma ya ware minti biyu bayan sallah ya ce wanda aka ba magani kada ya daina sai da izinin likita. Dattijon da ba zai saurari ɗansa ba zai saurari malaminsa.

Ni dai na sayi na'urar a wani kantin magani da ke Adum bayan addu'ar bakwai da kwana biyu. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na zauna da ita a kan benci a ƙofar masallacin layinmu tare da wata ƙanwata ma'aikaciyar jinya, muna sa kowa ya huta minti biyar kafin a ɗaura masa a dantse. Mutum 23 suka miƙo hannu, takwas daga cikinsu awonsu ya haura 140, biyar kuma suka ce ba a taɓa auna su ba tun da aka haife su. Da muka koma gida na auna Hajiya, matar Kawu, sau biyu, na'urar ta nuna 166 bisa 98. Tana cikin takaba, amma na tambayi malaminmu ya ce fita don neman magani lalura ce, babu laifi. Ranar Litinin da sassafe ni zan kai ta.